Takunkumin Sabi'u

Ina shagona a kasuwar Wunti a Bauchi, ina yanka wa wata mata rabin turmin atamfa, wayata ta yi ƙara. Ɗana Mustapha ne. Ya ce, "Umma, Kawu Sabi'u ya cika." Na ce to. Na ƙarasa yankan, na naɗe, na miƙa wa matar, sannan na rufe shago. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Tun da na dawo daga Ghana mata ke leƙowa shago, ba don saye ba. "Talatu, wai da gaske kin tsallaka ƙasashe saboda wata roba?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, don haka abin da na gani kawai zan faɗa.

Sabi'u ƙanena ne, ni na goye shi. Yana aiki a wani injin da ke gaba da Miri, inda ake niƙa ƙasar kuza a ware wani baƙin yashi mai nauyi, a loda a tirela. Shi ya samo wa Mustapha aiki a can. Tari ya fara kama shi, sai numfashi ya riƙa yi masa wuya ko a hawan masallaci. Da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya tambaye shi ko ba ya rufe hanci a wajen aiki. Sabi'u ya ce kullum yana rufewa. Gaskiya ya faɗa. An ba kowannensu takunkumin roba mai filta biyu, ɗaya a kowane kunci, kuma abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi don ba ya cirewa sai zai ci abinci ko zai yi salla.

Ranar da ake raba tufafinsa sadaka, fomen ɗin injin ya aiko a karɓi takunkumin, wai kayan kamfani ne, za a ba wanda ya maye gurbinsa. Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, ya ce a ba su. Na miƙa hannu na ɗauka na sa a jakata.

"Talatu, kayan mutane ne."

"Baffa, shi ma Sabi'u na mutane ne. Lafiya lau muka ba su shi."

Maƙwabcinmu a Fadaman Mada, Malam Yohanna, yana koyar da kimiyya a sakandare. Shi ya gaya mini cewa irin wannan baƙin yashi yakan fitar da abin da ake kira radiyeshin, wani ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, kuma ƙurarsa ba abar shaƙa ba ce. Ya ce akwai wata mata da suka taɓa yin kwas tare, tana aiki a wani ɗakin gwaji kusa da Akara ta Ghana, gwada irin waɗannan filtoci na cikin aikinta. Ya kira ta, ta yarda. Ya ce a ba direba ya kai. Na ce a'a. An riga an gaya mana abubuwa da yawa da baki. Wannan da idona zan gani.

Maigidana ya daɗe da rasuwa, don haka wajen Baffa na je sallama. Bai ɗago daga tasbahinsa ba.

"Jayayya kike yi da hukuncin Allah."

"Na karɓi mutuwa, Baffa. Ba Allah nake tuhuma ba, roba nake tuhuma. Mustapha irinta yake sawa kullum."

"In kin gano fa? Zai dawo?"

"Shi ba zai dawo ba. Mustapha nake so ya riƙa dawowa."

Shi kansa Mustaphan na roƙe shi ya bar aikin, ya ce, "Umma, in na bari, matata Zainab da jaririya su ci me?"

Na biya shagon Oga Chidi, mai sayar da takalman aiki da hular kwano a layinmu, na sayi sabuwar filta a cikin ledarta, iri ɗaya da ta Sabi'u, don a gwada su tare. Ya ce, "Mama, wannan orijinal ne." Na ce ni ma haka nake cewa a kan kowace atamfa. Ya yi dariya, sannan ya ce in ta faɗi jarrabawa in dawo in gaya masa, don ƙaninsa na sa irinta wajen fentin mota.

Hajara, matar Sabi'u, tana cikin takaba. Ta roƙi in bar mata takunkumin ya kwana a wajenta. Da safe ta miƙo mini shi a naɗe cikin sabon ɗankwali. Ta ce, "Yaya, na sake wanke shi, kada a gan shi da datti a ƙasar mutane." Na sa mata albarka.

Abokiyar tafiyata Hajiya Laraba ce, mai sarin atamfa a Lome. Hanyar ta zama mata kamar tsakar gida. Muka shiga doguwar mota zuwa Legas. Ba mu wuce Toro ba ta san sunan matar direba da ciwon da ke damun surukarsa. Bayan Jos wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota, da kwalba ɗaya da ke maganin basir da hawan jini da kowane irin tari. Ya zo kaina ya ce ko ina da mai tari a gida. Na ce ina da shi, amma ka makara. Ya wuce kujera ta gaba. A Lokoja Hajiya Laraba ta sa na ci soyayyen kifi, ta ce baƙin ciki ba ya hana ciki karɓar haƙƙinsa. Tayarmu ta fashe kafin Ore, muka zauna a gefen titi muna korar ƙudaje, wata Bayarabiya ta raba mana lemo ba tare da ta san ko sunanmu ba.

A Agege muka sauka, gidan wata ƙawar Hajiya Laraba. Legas ban gan ta ba, jin ta na yi. Kowa ihu yake yi, kuma ba faɗa ake ba.

A iyakar Seme aka duba fasfo da katin allurar shawara, aka ce a buɗe jaka. Jami'in ya kwance ɗankwalin Hajara, ya ɗaga takunkumin sama yana juya shi, ya tambaya ko ni soja ce. Hajiya Laraba ta ce, "Wannan? Kaza ma sai an yanka mata." Abokan aikinsa suka yi dariya. Sai ya kai shi wajen fuskarsa zai gwada. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Na ce, "Na mamaci ne." Ashe yana jin Hausa kaɗan. Ya dube ni, ya naɗe shi da kansa yadda ya same shi, ya ce Allah ya jiƙansa. Hajiya Laraba ta yi ta yi mini faɗa har muka shiga mota, wai ba a taɓa mai kaki a boda. Na ce ai na taɓa.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓansu duk rigarsu ɗaya, ruwan ɗorawa, kuma mata na tuƙa nasu babur da goyo a baya, ba mai kallonsu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Na nemi shayi aka kawo mini kofi baƙi ƙirin, na sha don kada in ɓata wa yarinyar rai. A Lome na fara ganin teku. Ban ji komai ba sai tunanin cewa Sabi'u ya sha cewa zai je ya gan shi. Nan muka rabu da Hajiya Laraba. Ta ce, "Talatu, ki bi ni kasuwa ki sari kaya, ki jefa robar nan a ruwa, ki koma gida da riba." Na ce ta gaishe da kasuwa. Ta ja tsaki, amma har bakin iyakar Ghana ta raka ni, ta damƙa ni a hannun wani direba, ta yi masa kashedi da harshen da ban sani ba.

A Akara an shirya in sauka a zango, gidan mahaifiyar wani ma'aikacin ɗakin gwajin mai suna Razak. Kakanninsu fataken goro ne daga ƙasar Hausa. A Kano dariya ake yi wa Hausar Bauchi, to su je zango su ji. Maman Razak ta tare ni da cewa, "Baƙo ya zo, a kawo shi ruwa." Ta ba ni ɗakin 'yarta da tabarmar salla. Da yamma ta kawo dokunu, wani dunƙulen masara a cikin ɓawonta, da kifi da barkono. Tsaminsa kamar tuwon da aka manta da shi a tukunya. Na daure na ci rabi. Ta ce in na kwana biyu zan nemi a ƙulla mini in tafi da shi. Ba a ƙulla ba. Amma shinkafa da wakensu, da ake dafawa da karan dawa ta yi ja, wannan na yarda da ita.

Ranar Asabar aka toshe wani titi kusa da mu da rumfuna da kujeru. Mutane sanye da baƙi da ja, ana kiɗa, ga hoton wani dattijo ƙato yana murmushi. Na ɗauka biki ne. Maman Razak ta ce jana'iza ce, ta Kiristocin unguwar, mutumin ya yi makonni a firjin asibiti ana jiran dangi su taru, a zauna a bi diddigin abin da ya same shi da wanda zai riƙe 'ya'yansa. Ni dai namu na fi so, a gaggauta kai bawa ga Ubangijinsa. Amma na lura ba wanda ya ce musu sun cika tambaya.

An ce in je ɗakin gwajin ranar Alhamis da ƙarfe goma. Na isa kan lokaci, maigadi ya ce in jira, ba a ce a shigar da ni yanzu ba. Na zauna, na tashi, na sake zama. Raina ya ɓaci. Na ce masa da Hausa da guntun Turancina ban baro Bauchi don a shanya ni a bakin ƙofa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini agogon bango. Ashe lokacinsu yana bayan namu da awa guda, ƙaramar wayata ba ta canja ba, ni kuma da kiran salla nake ta amfani tun Lome. Na ba shi haƙuri da goro.

Matar da Malam Yohanna ya haɗa ni da ita sunanta Madam Efuwa, gajeriya, da furfura a ɗan gashinta da ta aske. Razak ne ke yi mana tafinta. Suka maƙala mini wani ɗan abu a mayafi mai lissafa abin da jikina ya ɗauka, muka shiga wani ɗaki da aka yi wa alama kamar fanka mai fiffike uku. A tsakiya akwai akwatin ƙarfe kamar babbar firiza, da tagar gilashi. Na leƙa, ban ga komai ba sai ƙananan na'urori a jere. Ta ce akwatin cike yake da wata iska mai radiyeshin da ake kira radon, wadda ke fita daga wasu duwatsu. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana barin wani burbushi da ke manne wa ƙura mafi laushi, irin wadda ke shiga can cikin huhu. Za su ja iskar akwatin ta cikin filta, su tare abin da ya wuce a kan wata 'yar farar takarda kamar kwabo, su sa takardar a na'ura mai ƙirgawa.

Na ce wa Razak ya tambaye ta wa ya auna ita na'urar.

Ya ce, "Hajiya, Madam fa ta daɗe a aikin nan."

"Ni ma na daɗe a kasuwa. Na san sandar awo da aka rage wa ɗan yatsa. Tambaye ta."

Ya tambaya. Ta yi dariya har ta cire gilashinta. Ta ce rabin aikinsu ke nan. Waɗancan na'urorin da ke cikin akwatin, daga ma'adinai da ma'aikatu aka aiko su. Su ma'aikatan ɗakin gwajin sun san yawan iskar da suka zuba, domin suna da uwar ma'auni da ake kai wa wata ƙasa lokaci-lokaci a gwada ta da ta can. Duk na'urar da aka sa a ciki dole ta faɗi abin da uwar ta faɗa. Wadda ta ƙara ko ta rage, a gyara ta ko a ajiye ta. Ta ce amma tun da ban yarda da baki ba, kunnena zai yi mini shaida.

Ta fara sa takardar da ba ta taɓa komai ba. Na'urar ta yi shiru. Ta ja iskar kai tsaye ba filta, ta sa wannan takardar. Sai ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, kamar ana suyar gugguru. Sannan ta yaga ledar Oga Chidi, ta ɗaura sabuwar filta, aka ja iska, aka jira. Ƙas. Shiru mai tsawo. Ƙas. Ta ce wannan tana aikinta a kan ƙura, ko da yake ita iskar kanta ba ta tare ta, sai ɗakin aiki ya kasance a buɗe.

Na kwance ɗankwalin Hajara na miƙa mata na Sabi'u. Ta cire filta ɗaya, ta juya ta, sai ta kai hanci. Ta yi magana a hankali. Razak ya ce, "Wai tana jin ƙamshin sabulu. An taɓa wanke shi?"

Na ce, "Duk Alhamis." Da alfahari na faɗa. Na ce matarsa takan buɗe murfin, ta jiƙa da garin sabulu, ta goge da buroshi, ta shanya a kan katanga tare da kayan Juma'arsa. Duk matan ma'aikatan haka suke yi, amma na Sabi'u ya fi na kowa fari. Sau ɗaya aka ba su filta tun shigarsu aiki. Da suka ce ta toshe ba sa iya numfashi, fomen ya ce su kai gida a wanke.

Razak ya fara fassarawa, ya tsaya, ya ci gaba. Madam Efuwa ta mayar da gilashinta. Ta ce abin da ke cikin filtar ba rariya ba ce kawai. Zaren yana da wani maganaɗisu, irin na matajin roba da aka goga a gashi ya ɗauki guntun takarda, shi ke cafke ƙura mai laushi. Ruwa da sabulu na kashe shi, buroshi kuma ya buɗe ƙofofi. Numfashi ya yi sauƙi, mutum ya ɗauka ta gyaru. In ta toshe, jefarwa ake yi a sa sabuwa.

Na ce duk da haka a gwada.

Aka ɗaura, aka ja iska, aka sa takardar. Ban iya bambanta ƙarar da ta lokacin da ba filta ba. Na tsaya na saurara har ta kashe na'urar da kanta.

Na ce, "Ita ta kashe shi?"

Ta ce ba za ta iya cewa haka ba, ita ba likitarsa ba ce, kuma ba ta auna iskar injin ba. Abin da za ta iya sa hannu a kai shi ne wannan filtar, a yadda take a yau, kusan ba ta tare komai. Na gode mata da ba ta ƙara mini ko ta rage ba.

Sai na tuna ranar Alhamis ce. Na fita tsakar ma'aikatar na kira Zainab, matar Mustapha. Ta ce, "Umma, kin same ni ina wanki." Na ce ina filtar mijinki. Ta ce tana cikin bokiti, yanzu ta jiƙa. Na ce ta bar ta a nan, ta aika wajen Oga Chidi a karɓo sabuwa da sunana, kuma kada Mustapha ya sake taka injin nan da wankakkiya. Ta ce, "Wani abu na yi?" Na ce ba ki yi komai ba sai abin da aka ce ki yi.

Dawowa ba ta da labari. Muka sake haɗuwa da Hajiya Laraba a Lome, ta cika motar da kaya, ni kuma da jakar da na tafi da ita.

Baffa na fara kai wa takardar sakamakon. Malam Yohanna ya karanta masa. Ya ce, "To, kin ga abin da kika tono. Ashe daga gida ne."

"Daga gida aka yi biyayya, Baffa. Wanda ya ba mutum filta sau ɗaya shekara da shekaru, ya ce a kai wa mata su wanke, ba a gidanmu yake ba. Duk wanda ya ɗora wa Hajara wannan, da ni zai yi."

Bai sake cewa in mayar da kayan mutane ba.

Washegari na hau acaɓa zuwa Miri, na tsaya a ƙofar injin lokacin da suka fito sallar azahar. Mustapha ya sunkuyar da kai. Na gaya musu abin da kunnena ya ji, na yi musu ƙarar da bakina. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo mai tari ya cire tasa filtar ya shinshina, ya tambaye ni nawa sabuwa take. Fomen ya fito ya ce nan ba kasuwar mata ba ce, kuma har yanzu suna bin mu takunkumi. Na ce ya gaya wa mai injin yana cikin akwatina, ya zo da kansa ya karɓa, ina da abin da zan nuna masa. Bai zo ba tukuna. Na koma sau da yawa, kullum ana cewa ya yi tafiya, kuma zan ci gaba da komawa. Mustapha yana can har yanzu, da filtar da nake saya masa.

Hajara ta fita takaba. Ranar da na mayar mata da ɗankwalinta ta ce, "Yaya, me suka ce?" Na ce sun ce filtar ba ta tare ƙura. Ta ce, "Allah ya isa. Ni dai na san ban taɓa barin ta da datti ba."

Ba ta iya karatun boko ba, amma matan Miri sun daina wanki ranar Alhamis, kuma magana ba ta daɗewa a hanya. Ina so daga bakina za ta ji, tare da sunan wanda ya ba da umarnin. Sau biyu ina zuwa gidan da niyya, in zauna, in sha ruwa, in yi wasa da yara, in tashi.

Har yau ban gaya mata ba.